Ba a fafe gora ranar tafiya

Garin Tabelot yana cikin ƙasar Abzin, a jihar Agadas. Yana zaune a gindin dutsen Bagzan. A bisa wannan dutse ne ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar take. Tsawonta mita 2022 ne. Mutanen garin Abzinawa ne. Suna magana da Tamajak, da yawa kuma suna jin Hausa.

Ruwan sama ba shi da yawa a Abzin. Idan ya sauka bisa duwatsu cikin damina, sai ya gangaro cikin ƙoramu da ƙarfi. Bayan ƴan awoyi ko ƴan kwanaki, ƙorama ta bushe. Amma ruwan bai tafi duka ba. Wani yana ɓoye ƙarƙashin rairayi. Shi ne mutane suke bi da rijiya. A bakin ƙoramu suke yin garka. Suna shuka albasa, da tafarnuwa, da alkama, da masara, da tumatir, da dankali. Akwai kuma itatuwan dabino.

Ba garka kaɗai ke ciyar da mutanen wannan ƙasa ba. Mata da ƴan mata suna kiwon awaki, suna yin cuku. Wasu maza kuma suna fatauci da raƙuma. Kowane aiki da lokacinsa. Wanda ya bari lokacin ya wuce, ba ya samun sa a kasuwa.

Agogon garka

A da, sa ko raƙumi ne ke jan ruwa daga rijiya. Yaro yana jan dabbar, tana tafiya tana dawowa. Wasaki yana hawa, yana zuba ruwa cikin kwami, ruwa yana bin hanya zuwa fangali. Abzinawa suna ce wa wannan shiri takarkart. Yanzu injin ban ruwa ya maye gurbin dabba a garake da yawa. Inji ya fi raƙumi sauri, amma yana shan mai, mai kuwa kuɗi ne.

Albasar Abzin tana da wani sirri, sirrin kuwa lokaci ne. Manoman Galmi da Madawa suna noman albasarsu cikin sanyi, su cire ta da bazara. Mutanen Abzin suna da wadda suke nomawa cikin damina. Suna cire ta daga wajen watan Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da albasa ta yi wuya a kasuwannin kudu. Manyan motoci suna ɗaukar ta zuwa Agadas, daga can ta wuce har ƙasashen bakin teku. Albasa ɗaya ce, amma wadda ta iso kasuwa a kan kari ta fi daraja.

Agogon ayari

Cikin watan Oktoba, bayan raƙuma sun ƙoshi da ciyawar damina, ayarin gishiri yakan tashi daga Abzin. Yana ratsa hamadar Tenere zuwa Fashi da Bilma. Ana kai hatsi, a sayo kantun gishiri da dabino. Bayan an dawo an huta, sai a nufi kudu, Damargu da ƙasar Hausa, a sayar da gishiri a sayo hatsi. Wannan fatauci tsoho ne. A ƙarshen shekarar 1850 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya bi ayarin gishiri na Kel Ewey daga Abzin zuwa Damargu, ya rubuta abin da ya gani. Farin 1973 da na 1984 sun kashe raƙuma da yawa. Motoci kuma sun karɓi wani kashi na kayan. Ayari ya ragu ƙwarai, amma hanyarsa ba ta ɓace daga zukatan mutane ba.

A cikin Tenere babu ciyawa, babu inuwa. Rijiyoyi suna nesa da juna. Akwai wata bishiya guda da ta daɗe tana nuna wa matafiya hanya a kusa da wata rijiya. Mota ta kayar da ita a 1973. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a wurinta. Saboda haka ayari yana ɗauke da ciyawar raƙuma, da itacen wuta, da ruwa cikin salka. Ana tashi da sassafe, ana tafiya har dare ya yi nisa. Ba a tsayawa da rana. Ana cin abinci ana tafiya, ana shan shayi ana tafiya. Shugaban ayari shi ne madugu. Yana duban rana da taurari, yana kuma ƙidayar kwanaki. Idan ayari ya yi jinkirin kwana biyu, ruwa ba zai jira shi ba.

Auta tsakanin garka da makaranta

A Tabelot akwai wani yaro da ake kira Auta, domin shi ne ƙarami a gidansu. Shekarunsa goma sha biyu. Yana aji shida. A watan Oktoba abubuwa uku suka haɗu a kansa. An buɗe makaranta. Albasa ta fara yin kai. Babansa da wansa kuma suka bi ayari zuwa Bilma.

Kafin su tashi, babansa ya kira shi bakin rijiya, ya ce: "Auta, ga fangali sittin na albasa. Ga mai lita arba'in cikin bido biyu. In Allah ya yarda za mu dawo bayan kwana arba'in, mu cire albasa. Kada ka bar garka, kada kuma ka bar makaranta."

Auta ya ce: "To, Baba."

Cewa "to" ba shi da wuya. Innarsa da yayarsa suna wajen awaki. Kakansa ne kaɗai a gida. Shi tsohon madugu ne, amma gwiwoyinsa sun gaji, idonsa ya yi rauni.

Auta ba rago ba ne. Kullum yana cikin gudu. Da safe yakan makara, ya ruga makaranta bai leƙa garka ba. Da tsakar rana, in an tashi, sai ya ruga garka ya tada inji. Ruwa na zuba, sa'an nan zai ga hanyar ruwa ta toshe. Yana gyaran nan, can ya fashe. Inji yana ta kuka, mai yana ta ƙonewa, ruwa yana ta bin rairayi. Fangalin da ke kusa da rijiya yakan sha sau biyu. Na nesa yakan yi kwana biyar bai ga ruwa ba. Da yamma abokai su kira shi ƙwallo. Da dare ya buɗe kaye, barci ya kwashe shi bai rubuta layi uku ba.

Ran kwana na goma malam ya tsayar da shi bayan an tashi. Ya ce: "Auta, sau huɗu ka makara. Sau uku ka zo ba ka yi aikin gida ba. Me ya faru?"

Auta ya sunkuyar da kai, ya ce: "Malam, ba ni da lokaci."

Malam ya ce: "Awa ashirin da huɗu ce a ranarka, kamar ta kowa. Je ka duba inda take zuba."

Lissafin Kaka

A daren nan Auta ya kasa cin tuwo. Kakansa ya ji shiru, ya ce: "Kai, abokin faɗana, yau wa ya kashe maka baki?"

Auta ya gaya masa kome. Tsoho bai yi faɗa ba. Ya ce: "Ɗauko bido." Auta ya ɗauko. Kaka ya ɗaga ɗaya, ya girgiza. Ya ɗaga ɗayan. Ya ce: "Auna, ka gaya mini abin da ya rage."

Suka auna. Lita ashirin da huɗu ta rage.

Kaka ya ce: "Kai ne ɗan makaranta. Kwana goma sun sha lita sha shida. Lita ashirin da huɗu, kwana nawa za ta yi?"

Auta ya zana a ƙasa, ya share, ya sāke zanawa. Ya ce: "Kwana goma sha biyar, Kaka."

"Albasa tana son ruwa har kwana ashirin nan gaba. Bayan haka sai a yanke mata ruwa kwana goma, ta bushe, don kada ta ruɓe cikin buhu. Ka ga ubanka ya ba ka na kwana talatin, ya ƙara maka lita goma don tsaro. Ka riga ka cinye shida daga ciki. In ka ci gaba haka, albasa za ta yi kwana biyar da ƙishirwa, daidai lokacin da take cika. Da kuɗinta za a saya maka kaye. Da su za a sayi shayi da sukari da tufafin innarka."

Gaban Auta ya faɗi. Ya ce: "To sai in bar makaranta har Baba ya dawo."

Kaka ya ce: "A'a. Raƙumi ba ya yar da kayan gefe ɗaya don ya ji sauƙi. In ya yi haka, ɗayan ma faɗuwa zai yi. Daidaita su ake yi."

Sa'an nan ya gaya masa abu huɗu da ya koya a hanyar Bilma.

Na farko, madugu yana ƙidaya kafin ya tashi. Ya san kwanakin da ke tsakanin rijiya da rijiya, ya san salkar da ke hannunsa. Sai ya raba ruwa bisa kwanaki. Ba ya cewa: mu sha, gobe ma rana ce.

Na biyu, ana shirin safe tun dare. Igiyar da ta tsinke, da dare ake ɗinke ta. Kaya da dare ake jera su kusa da raƙumi. In gari ya waye ana neman igiya, an yi hasarar sanyin safiya. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, akwai ayyukan da ke tafiya tare, akwai waɗanda ba su haɗuwa. Ana iya dama fura ana tafiya. Amma mai ɗaurin kaya ba ya hira, domin kantu ɗaya in ya faɗi ya fashe, darajarsa ta ragu.

Na huɗu, akwai salkar da ba a taɓawa. Ta ranar iska ce, ko ranar da raƙumi ya yi rashin lafiya. Madugun da ya raba ruwansa kaf, bai bar kome ba, bai san Tenere ba.

Takardar Auta

Auta ya yago takarda daga tsohon kaye. Ya raba fangali sittin kashi uku, ashirin ashirin. Kowane kashi zai sha ruwa sau ɗaya cikin kwana uku. Ya kafa sanda mai jan ƙyalle a kashi na ɗaya, mai fari a na biyu, mai baƙi a na uku. Ya samo kwalbar lita ɗaya. Ita ce rabon inji kowace rana. Lita huɗu ya zuba cikin wani ƙaramin bido, ya ba Kaka ya ajiye ƙarƙashin gado.

Bai da agogo a hannu, amma yana da salla. Da ita ya raba ranarsa.

Bayan asuba: ban ruwa, fangali ashirin, awa ɗaya.
Hantsi: makaranta. A hanya, haddar lissafi.
Tsakar rana: abinci, sa'an nan aikin gida a inuwar dabino.
Bayan an tashi da yamma: gyaran hanyar ruwan gobe, duba shinge, auna mai.
Bayan lisha: jera kaye da alƙalami cikin jaka, barci.
Lahadi da la'asar: ƙwallo.

Ya karanta wa Kaka. Kaka ya ce: "Wa zai tashe ka?"

Auta ya ce: "Kai, Kaka. Ai ba ka barci."

Tsoho ya yi dariya, ya ce: "Ka mai da ni zakara ke nan."

Kwana ukun farko sun yi wuya. Asubar Abzin tana da sanyi, ruwa yana cizon ƙafa. Amma da ya tada inji, ruwa bai tsaya ko'ina ba, domin an share masa hanya tun jiya. Kafin rana ta hau bisa dutse ya gama, ya kashe inji. Ruwan safe kuma ya fi zama cikin ƙasa, don rana ba ta shanye shi nan take kamar na tsakar rana. Aikin da ke cin lita ɗaya da rabi ya koma cin lita ɗaya.

Abu mafi wuya ba sanyi ba ne. Abokai ne. Kullum da yamma sukan biyo ta bakin shinge da ƙwallo, su ce: "Auta, zo mana, mutum ɗaya ya rage." Wata rana ya bi su. Washegari ya tarar da hanyar ruwa a toshe, ya makara. Daga ranar, in sun kira shi sai ya ce: "Sai Lahadi." Wasu suka yi masa ba'a, suna ce masa tsohon garka. Ya ji zafi, amma ya daure.

Ranar jakuna

Ran kwana na ashirin da biyu, da dare, jakuna suka keta shinge. Suka tattake babbar hanyar ruwa, suka ci ganyen fangali biyu. Da asuba Auta ya tsaya yana kallo. Takardarsa ba ta ce kome ba game da jakuna.

Ya koma gida da gudu. Kaka ya ce: "Wanne ne ba zai iya jira ba?"

Auta ya yi tunani. Ya ce: "Shinge. In ban toshe ba, za su dawo yau."

"Wanne ne zai iya jira?"

"Ban ruwa zai iya kaiwa yamma."

"Wanne ne ya fi ƙarfinka?"

"Hanyar ruwa. Ba zan iya ni kaɗai ba."

"To, wanda ya fi ƙarfinka, nemi hannu. Madugu ma ba ya ɗora kaya shi kaɗai."

Auta ya toshe shinge da ƙaya, ya tafi makaranta a kan lokaci. Da tsakar rana ya je wurin maƙwabcinsu, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce: "Baba, jakuna sun yi mini ɓarna." Maƙwabci ya zo da ɗansa da yamma, suka gyara hanya. Sabuwar hanya tana shan ruwa da yawa kafin ta zauna. Cikin kwana uku aka taɓa bidon da ke ƙarƙashin gado, aka ɗebi lita uku. Ran Lahadi Auta bai je ƙwallo ba. Ya je garkar maƙwabci ya taya shi cire ciyawa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Dawowar ayari

Ayari ya iso ran kwana na arba'in da biyu. Raƙuma sun rame, mutane sun yi baƙi da rana. Bayan an sauke kaya an huta, babansa ya shiga garka. Ganyen albasa ya kwanta, ƙasa ta bushe daidai. Ya bi fangali ɗaya ɗaya. A ƙarshen garka ya tsaya. Fangali shida da suka sha ƙishirwa a kwanakin farko sun yi ƴan ƙananan kawuna. Ruwan da aka ba su daga baya bai mayar da abin da ya wuce ba.

Ya ce: "Waɗannan fa?"

Auta ya gaya masa gaskiya. Babansa bai ce kome ba. Ya ɗauki ƙaramin bido ya girgiza, ya ji sauran lita ɗaya. Sa'an nan ya ga takarda a maƙale jikin dabino, rana ta cinye rabin rubutun. Ya sa Auta ya karanta masa. Da ya gama, ya ce: "Za mu shuka alkama kafin in tafi Damargu. Ka rubuta mata irin wannan."

A jarrabawar watan Disamba Auta bai zo na ɗaya ba. Amma ya ci, kuma tun ranar ƙwallon nan bai sāke makara ba.

Abin da lokaci yake

Mutane da yawa suna cewa ba su da lokaci. Wasu gaskiya suke faɗa. Yayar Auta tana bin awaki tun safe har dare. Ko ta rubuta takarda goma, ba za ta sami awar karatu ba, sai in gida ya rage mata aiki. Tsari ba ya ƙara wa rana awa ko ɗaya. Saboda haka raba aiki da adalci a cikin gida yana gaba da kowace takarda.

Amma akwai lokacin da ke zuba a banza, kamar ruwa daga fasasshiyar hanya. Shi ne wanda ake iya tarewa. Auta na kwana goman farko ya fi na baya gudu, ya fi shi gumi, amma bai kai shi aiki ba. Zafin nema ba ya kawo samu. Bambancinsu shi ne, na baya ya san abin da ke hannunsa, ya san abin da ke gabansa, ya ba kowane aiki wurinsa, ya kuma bar wani abu a gefe don ranar da ba a zata ba.

Gobe ta Allah ce. Madugu ya fi kowa sanin haka. Duk da haka ba ya shiga Tenere sai ya ƙidaya salkarsa.

Tambayoyi

1. Don me albasar Abzin take yin daraja daga Oktoba zuwa Disamba?
2. Don me ayari ba ya tsayawa da rana a cikin Tenere?
3. Waɗanne abubuwa huɗu ne Kaka ya koya wa Auta?
4. Da Auta bai ajiye lita huɗu ba, me zai faru bayan ɓarnar jakuna?
5. Inji yana shan lita 16 cikin kwana 10. Lita nawa zai sha cikin kwana 30?
6. Wa ya fi kowa aiki a gidanku? Yaya za a rage masa?

Aiki

Kowa ya rubuta ayyukansa na jiya, daga asuba zuwa lisha. Ya ja layi ƙarƙashin wanda ba zai iya jira ba. Sa'an nan ya rubuta takardar gobe, ya bar wuri ɗaya babu kome a ciki.